Makullin da na cire da hannuna

A ƙarshen wannan watan zan ajiye aikin kula da kwamfutocin ɗakin tace fina-finai, kuma cikin duk abin da ya faru a shekarun nan, babu wanda nake yawan tunawa kamar maganar makullin Mac, kwamfutar kamfanin Apple.

A 2015 ne kamfanin Apple ya fito da El Capitan, sabon zubin babbar manhajar da ke tafiyar da Mac, tare da kariyar da ake kira SIP, wadda ta hana kowa taɓa manyan foldoji irin su /System da /usr da /bin da /sbin, ko da kuwa mutum yana da cikakken ikon mai kwamfuta. Muna sabunta injinanmu huɗu, tsohuwar manhajar da ke sarrafa na'urar kwafar bidiyo ta daina aiki, domin tun asali a cikin /usr take zuba fayilolinta. Na gaya wa maigida cewa an bar /usr/local a buɗe saboda manhajojin waje, kuma abin da ya dace shi ne mu jira sabon zubi daga masu na'urar. Ya ce ba shi da lokacin jira, masu fim suna tsaye a kansa. Na ce, “Ranka ya daɗe, sai an kashe kariyar gaba ɗaya.” Ya ce in kashe.

Na shiga Recovery, wato sashen gyaran kwamfutar, na rubuta umarnin kashe kariyar, csrutil disable, a injinan huɗu, aiki ya tashi, aka yaba mini. Laifina, wanda ba na ɗora wa kowa, shi ne ban koma na kunna ta ba, ban ma gwada ko manhajar za ta yi aiki bayan an kunna ba, har shekara huɗu suka wuce, saboda ina tsoron taɓa abin da ke tafiya lafiya.

A watan Satumba na 2019 wata manhajar sabunta burauza ta goge mahaɗar /var, wato alamar da ke nuna wa kwamfuta hanyar foldar private/var, a kwamfutocin da aka kashe wa kariyar, uku daga cikin namu suka ƙi tashi ana saura kwana biyar mu miƙa aiki. Kwamfutocin wasu mutane da SIP ɗinsu ke kunne, ko gezau. Na kwana a ofis ina mayar da mahaɗar zuwa private/var, kuma ko fayil ɗaya bai salwanta ba. Da gari ya waye maigida ya tara ma'aikata ya ce shi bai taɓa ba da wannan umarni ba, aka yanke mini rabin albashi. Ban musa masa ba, domin babu shaidar da zan nuna.

Tun daga ranar duk umarnin da ya shafi tsaro sai an rubuto mini shi. Manhajar waje kuwa wurinta /Applications ko /usr/local, ko /opt/homebrew a sababbin injina, wadda ta ƙi zama a can na mayar wa mai ita.

Tun daga Catalina ma, wani zubin da ya zo daga baya, an ware babbar manhajar a ɓangaren da ba a rubutu a kansa, saboda haka wanda zai gaje ni ba zai sami sauƙin yin irin kuskurena ba ko an matsa masa. Na bar masa littafin da na rubuta saitin kowane inji a cikinsa, tare da kwanan watan da na kunna kariyar da kuma sunan wanda ya ce a kashe ta.