Daga Bencin Baya Nake Fara Awo

Duk makarantar da aka kira ni in haɗa mata kayan koyarwa na zamani, kafin in buɗe jakar aiki sai na wuce ƙarshen aji na zauna a bencin baya, inda dogayen yara da masu gudun tambaya suke fakewa. In ce a rubuta mini layi ɗaya a allo. A wannan zaman nake gane ta wace taga rana ke dukan bango da ƙarfe 11, da ko muryar malami na kaiwa baya idan adaidaita sahu na wucewa a titi, da girman rubutun da yaro na tamanin zai iya karantawa ba tare da ya miƙe tsaye ba. Masu makarantu da yawa sukan zaci ɓata lokaci nake. Shekara tara na yi ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a cikin birni kafin in buɗe shago, kuma a shekarun nan na san cewa darasin da bai kai bencin baya ba rabin aji kawai aka yi wa.

Aikinmu shi ne majigi, talabijin na aji, lasifika, sola da batir, da ɗan akwatin karatu da ke aiki ba intanet, sannan mu zauna da malamai har hannunsu ya faɗa. Mu biyar ne, ni da yarana huɗu.

Son abin ya samo asali tun ina aji biyar na firamare. Wata rana an kwana ana cewa rana ta kama wata, mu yara mun zaga unguwa muna buga gwangwanaye. Da safe malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya shigo da tocila da ƙwallo da lemon tsami guda. Ya sa aka rufe tagogi, ya riƙe tocilar a matsayin rana, ya ba wani yaro ƙwallon ya ce ga duniya, ni kuma ya miƙo mini lemon ya ce in zagaya a hankali. Ina shiga bayan ƙwallon sai inuwa ta rufe lemon ruf, ajin ya ɗauki salati. Har yau duk na'urar da zan saka a aji, tambayar da nake yi wa kaina ita ce ko za ta iya yin abin da lemon nan ya yi.

Harkar wuta kuwa a Sabon Gari na koya, wurin wani dattijo mai gyaran inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, bayan an tashi daga makaranta. Wata uku bai bar ni na taɓa komai ba sai feƙe waya da ɗaure ta. Idan na kawo masa, sai ya ja da ƙarfi, in ta zame ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. Shi ya koya mini kankare waya da wuƙa kafin a saya: in cikinta ja ne har ƙasa, jan ƙarfe ce ta gaske, in fari ya leƙo, alminiyon ne aka yi masa wanka. Irin wannan wayar ta cika gari yanzu, tana ɗaukar zafi, tana shanye wutar da ya kamata ta kai batir, kuma da ita ake yi wa makarantu aiki a rufe cikin bututu inda ba mai gani.

Nan ne inda raina ke ɓaci. Sai ka ba mai makaranta shawara, ya ce, "Haba Malam, ai na ga irinsa a kasuwa, kwalin ma an rubuta lumen dubu tara." Nakan ce, "Alhaji, kawo shi mu kunna a ajinka da rana tsaka." Lumen shi ne ma'aunin ƙarfin hasken majigi, amma akwai na gaskiya da ake aunawa da ƙa'idar ANSI, akwai kuma lambar da mai kwali ya ga dama ya buga. Ƙananan majigin nan masu arha an yi su ne don kallon fim a ɗaki da daddare. Ajin Kano mai tagogi a buɗe yana son abin da ya kai lumen 3,000 na gaskiya ko ya fi. In ba haka ba hoton zai fito kamar an jiƙa shi da ruwa, yaran gaba su yi ta ƙifta ido, na baya su koma hira. An sha kirana in zo in gyara irin wannan, kuma ba abin da ya lalace, haka aka haife shi. Araha ba ta ado.

Ba kowane aji nake ba wa shawarar majigi ba ma. Majigi mai ƙwan fitila yakan ja wuta kusan wat 300, kuma in aka ɗauke wuta yana tsaka da aiki, fankar da ke sanyaya ƙwan ta tsaya, rayuwar ƙwan ke raguwa. Shi ya sa ba na haɗa shi sai a bayan inbata. Aji mai yara talatin ko arba'in, talabijin mai inci 55 ya wadatar, wutarsa ba ta kai rabin ta majigi ba, kuma hasken rana bai cika cin hotonsa ba. Babban aji kuwa sai majigi, sai mu yi wa bangon farin fenti marar ƙyalli, mu sa labule mai kauri a tagogin da rana ke shigowa kawai, sauran mu bar su iska ta shiga, don a watan Afrilu zafin garin nan na haura digiri 40.

Majigina na farko ƙura ce ta kashe shi. Na ɗaura shi a wata makaranta a farkon hunturu ina ta murna, ban faɗa wa kowa cewa yana da matatar ƙura a gefe da ke son sharewa ba, don ni ma ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Kafin hunturun ya wuce ta toshe, ya riƙa zafi yana kashe kansa, daga baya ya ƙi tashi. Na mayar musu da wani, na ɗauki darasi. Yanzu kowane majigi da muka saka yana da rigarsa da tela ya ɗinka, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu yarana na zagayawa suna share matata da goge faifan sola, wanda shi ma ƙura kan rage masa ƙarfi sosai. Faifan muna fuskantar da shi kudu da ɗan karkata kaɗan, saboda Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Kuma ba na karɓar faifai daga hannun dillali sai na auna shi da mita a rana, don an taɓa kawo mini guda shida da aka ɓare takardar bayansu aka manna mai babbar lamba.

Abin da na fi alfahari da shi shi ne ɗan akwatin. Lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, na riƙa tura wa ɗalibaina darasi ta WhatsApp, sai na ga rabinsu ba sa buɗewa, wayar ta baba ce kuma ba data. Wannan ya sa na shiga neman hanyar da ba ta buƙatar data, har na dace da Kolibri, manhaja ce ta kyauta da aka yi ta musamman don wuraren da ba intanet. Muna ɗora ta a ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi wadda ba ta fi tafin hannu ba, mu zuba mata bidiyo da littattafai da tambayoyi. Ita ke ba da nata Wi-Fi a cikin makaranta, waya ko laftof ta kama, a yi karatu ba a ci ko sisin data ba. Muna ƙara Wikipedia ta hanyar Kiwix, manhajar da ke buɗe ta ba intanet, har da ta Hausa. Ga malaman kimiyya kuma muna sa PhET, gwaje-gwajen da Jami'ar Colorado ta Amurka ke bayarwa kyauta, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a fiziks, ya assasa a 2002. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, yaro zai haɗa batir da waya da ƙwai a kan allo, ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru, ya haɗa ba daidai ba ya ga wuta ta tashi, ba wanda ya ƙone.

Masu kwaikwayonmu sukan sayi akwatin su kwafe duk abin da suka samu su zuba. Mu kuwa sai mun zauna da manhajar karatu ta aji-aji mun tace, darasin mako na uku ya zauna a gurbin mako na uku. Malamin da ke da minti arba'in ba shi da lokacin lalube.

'Yan aji shida na sakandare kuma muna shirya musu atisayen JAMB. Tun 2015 jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya, daga baya aka mayar da ita tambaya 180 cikin awa biyu, kuma na ga yara masu ƙoƙari da hannunsu ke rawa don ranar ce farkon zamansu gaban kwamfuta. Ko laftof goma makaranta ke da su, muna tsara musu layi, kowa ya saba da danna A zuwa D, da N don ci gaba, da P don komawa baya, agogo na tafiya a gabansa.

Sai dai rabin aikina da malamai ne, ranakun Asabar. Nakan roƙe su kada bidiyo ya wuce minti biyar ba a tsayar an yi tambaya ba, don yaro na iya zuba wa allo ido kamar yana fahimta alhali kallo kawai yake. Kuma dabarar da na fi so ba ta cin wuta ko kaɗan. Kafinta ke yanka mana ƙananan alluna, kowane yaro da nasa da guntun alli. Malami ya yi tambaya, kowa ya rubuta, a ƙirga uku a ɗaga gaba ɗaya. Cikin daƙiƙa kaɗan ya ga amsar yara tamanin, har ta mai kunyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Mu da muka tashi da allo a hannu a makarantar allo, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman Hausa muna nuna musu inda ƙ da ɗ da ɓ suke a allon rubutun waya, don takardar jarrabawa ta daina fitowa da "kasa" a inda ake nufin "ƙasa". A Islamiyyu kuwa, malami ya naɗi karatun yaro a waya ya kunna masa a lasifika, da kunnensa zai ji inda ya gajarta madda.

Akwai masu makarantun da nake ƙin yi wa aiki, waɗanda ke son babban allo a ofis kusa da ƙofa don iyaye su gani lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai, amma in ka ce a ware Asabar biyu don malamai sai su ce ba hali. Nakan ba su haƙuri in kama hanya.

A wata makarantar 'yan mata da ke wajen Gwale akwai wata malama da ta kusa ritaya. Ranar farko ta ce mini, "Ɗan nan, ka bar ni da allina, wannan abin na yara ne." Na ce, "Baba, ki ba ni Asabar ɗaya kawai." Muka zauna na nuna mata yadda za ta aza waya a kan ɗan maƙali ta haska abin da ke kan tebur ya fito a bango. Da na koma share matatar majigin bayan wata biyu, na leƙa ajinta. Ta tsaga furen zoɓo gida biyu ta ajiye ƙarƙashin wayar, ya cika bango, wata yarinya daga bencin baya ta fito da sanda tana nuna sassansa ɗaya bayan ɗaya. Malamar ta hango ni a bakin ƙofa, ta yi mini alama da hannu in jira sai an tashi.