Kildare, garin Waliyiya Birijid

Daga tashar Heuston ta birnin Dublin zuwa Kildare tafiya ce ta ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa. Ranar 31 ga Janairu na tafi, jajibirin bikin Waliyiya Birijid, ga sanyi mai shiga ƙashi, ga yayyafin nan na Ailan da ba ya tsayawa ba ya kuma zama ruwan kirki. Sunan Birijid ba baƙo ba ne gare ni, domin fada-fada da sistocin Ailan sun yi aiki sosai a coci-coci da makarantun Kaduna da Jos da Kano, kuma da sunayen waliyyansu suka zo mana. Sai dai suna kawai na sani, ban san mai shi ba.

Dab da isa garin, jirgi ya ratsa Curragh, wani fili shimfiɗaɗɗe mai kusan eka 5,000, ba shinge ba katanga, tumaki na kiwo ko'ina. Mutanen wurin suna cewa Birijid ta roƙi sarkin Leinster fili, ya yi mata rowa, sai ta ce ya ba ta iya inda mayafinta zai rufe. Ya yi dariya ya amince. Da aka shimfiɗa mayafin sai ya yi ta yaɗuwa gabas da yamma har sarki ya ce a tsaya haka nan.

An haife ta wajen shekarar 451. Mahaifinta Dubhthach basarake ne, mahaifiyarta kuwa baiwarsa ce, kuma labarin ya ce an sayar da uwar tana ɗauke da cikinta. Don haka a wajen tatsar shanu da kaɗa nono ta tashi. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin kusan duk abin da ake ba da labari a kanta a nan yake zagayawa: man shanu, madara, nama, wuta. In aka ba ta ajiyar mai sai ta rabar wa mabarata. Da ta koma gidan uban, kyautarta ta ishe shi har ya ɗauke ta zai sayar wa sarki. Ya shiga fada ya bar ta a waje da takobinsa mai ado, wani kuturu ya zo bara, ta miƙa masa takobin. Sarki da ya ji, sai ya ce wannan ta fi ƙarfin a saye ta. Ni dai ban ga laifin uban da ya fusata ba, zama da mai irin wannan hannu sai an shirya. Amma wanda ya taɓa kwana da yunwa ya san dalilin da ya sa talakawa suka riƙe ta shekara 1,500.

Wajen 480 ta kafa gidan ibada a Kildare, ɓangaren mata da ɓangaren maza, tana jagoranci tare da Bishop Conleth. Wani malamin gidan mai suna Cogitosus ya rubuta tarihinta a ƙarni na 7, ya kwatanta babban coci da kaburburan su biyun a gefen bagade. Cocin dutse da ke wurin yanzu ginin ƙarni na 13 ne, kuma a hannun Angilikan yake. A harabarsa akwai doguwar hasumiya zagayayya da ta haura mita 30, ƙofarta can sama da ƙasa.

Abin da na fi daɗewa a gabansa ɗan rami ne mai kusurwa huɗu da aka kewaye da duwatsu, gefen cocin. Nan ake cewa wutar Birijid take. Gerald na Wales, da ya zo Ailan a ƙarni na 12, ya rubuta cewa sistoci 19 ne ke gadinta, kowace da darenta, dare na 20 kuma sai a bar wa Birijid itace a tafi, da safe a tarar ba ta mutu ba. Namiji ba ya tsallaka shingen wurin. Wutar ta mutu a ƙarni na 16 lokacin da aka rufe gidajen ibada, sai a 1993 sistocin ƙungiyar Birijid suka sake kunna ta a garin, kuma har yau suna kula da ita a cibiyarsu ta Solas Bhríde. Masana da dama suna ganin wutar da ranar bikin sun girmi Kiristanci a ƙasar, tunda akwai wata abar bauta ta gargajiya mai suna Birijid. Ban ga wannan ya dami kowa a wurin ba.

A cibiyar ne wata dattijuwa ta zaunar da ni gaban tarin ɗanyar ciyawar fadama, siririya mai santsi, don in koyi saƙa gicciyen Birijid. Ana lanƙwasa sili ɗaya a kan wani, a juya, a ƙara wani, babban yatsa na danne tsakiya, har hannuwa huɗu su fito a ɗaure bakinsu. Wadda ta taɓa saƙa faifai ba za ta sha wuya ba. "Kada ki saki tsakiyar, 'yata," in ji ta, "in kin saki komai ya warware." Na ce, "To, Mama." Ta gaya mini Birijid ta fara saƙa shi ne a gefen shimfiɗar wani basarake da ke bakin mutuwa, da ciyawar da aka baza a ƙasan ɗakin, tana yi tana ba shi labarin Almasihu.

Da duhu ya yi muka nufi rijiyarta da ke Tully, wajen gari kaɗan, kowa da fitila ko kyandir a cikin kwalba. Ruwa ne mai sanyi da ke gudu ƙarƙashin wani ɗan baka na dutse, ga duwatsun addu'a a jere, ga bishiya da aka ɗaɗɗaura wa ƙyallaye da zare. Wata mata kusa da ni ta ɗaura safar jariri. Wasu suna jan carbi, wasu suna cika gora za su kai wa marasa lafiya. A daren ne kuma ake shanya ƙyalle a waje don ya kwana cikin raɓa, a ajiye shi saboda ciwon kai ko maƙogwaro.

Birijid ta rasu wajen 524. Saboda hare-haren 'yan Viking, mahara ta teku daga arewacin Turai, aka ce an kwashe ƙasusuwanta zuwa garin Downpatrick da ke arewacin Ailan, kuma ana girmama wani sashe na ƙoƙon kanta a Lumiar kusa da Lisbon. A Janairun 2024 aka dawo da ɗan guntun ƙashin zuwa cocin Katolika na Kildare. Tun 2023 kuma gwamnatin Ailan ta ware ranar hutu da sunanta, karo na farko da aka yi wa mace haka a ƙasar.

Washegari bayan sujada mutane suka ɗaga gicciyoyinsu fada ya sa albarka. Ana rataye shi bisa ƙofa don tsari daga gobara da yunwa, ya bushe a can har shekara ta zagayo a saƙa sabo. Na saƙa biyu kafin in kama jirgin yamma, ɗaya na ɗakina, ɗaya zan aika wa Inna.