Naman kaza shunayya a dajin Landan

Jama'a na dawo Kaduna lafiya daga Landan, gajiya ma bata sake ni ba amma dole in baku labarin nan. Batun biza da layi ku bar shi kawai, akwai dai wani jami'in shige da fice da ya dinga jefo min tambaya yaushe zaka koma, wa zai ciyar da kai, ko ɗago kai bai yi ya kalle ni ba.

Ranar Asabar Yaya ya ce in shirya mu je daji. Nace daji kuma Yaya? mu da sai mun tofe kanmu da addu'a kafin mu hau hanyar Birnin Gwari shine zaka kai ni daji shan iska? Yayi dariya, muka hau jirgin ƙasa zuwa Loughton, daga nan da ƙafa sai ga mu a dajin Epping. Hekta wajen 2,400 a gefen Landan, kuma tun 1878 doka ta hana a killace shi ko ayi gini a ciki, wallahi da a nan ne da tuni an yanka fuloti.

Watan Oktoba ne, ganye ya zube ko'ina ya jiƙe, a gindin wata tsohuwar bishiya na hango shi, ɗan ƙaramin naman kaza shunayya shar tun daga hular har ƙafar, hular bata wuce murfin kwalba ba. Na miƙa hannu kenan wata tsohuwa mai kare tace kar ka tsinka ɗana, an hana a dajin nan, har tara ake cin mutane. Nayi zaton faɗa zata yi sai ta buɗe filas ta zuba mana shayi, ta tsuguna tana nuna min. Sunansa Laccaria amethystina, kuma abin da muke gani a sama kaɗan ne, ainihin jikinsa zare ne siriri a cikin ƙasa da yake naɗe bakin saiwar bishiya, ya jawo mata ruwa da sinadaran ƙasa irin su fosfaras, ita kuma ta biya shi da sukarin da ganyenta ya haɗa. In ya bushe kalar gushewa take yayi fari-fari har ka kasa gane shi. Ana cinsa, amma yana zuƙar gubar asanik in akwai ta a ƙasar wajen, nace to a kai kasuwa.

Abin da ya tsaya min a rai, bishiyar dokar nan tamu ta dajin Kaduna ita ma haka take zama da nata naman kazan a saiwa, mu kuma kullum buhunan gawayi jere a bakin titin Abuja, ana sare bishiya ba wanda ya damu da abokin zamanta na ƙasa. Ban ga laifin mai gawayi sosai ba, da wannan tsadar gas ɗin me mutum zai dafa tuwo da shi.

Shayin tsohuwa kyauta, amma na wani shago da muka shiga fakewa ruwa fam uku kofi ɗaya, na buga da naira na ture kofin nace Yaya shanye abinka. Mutanen kuma sannu da haƙuri a bakinsu ba adadi, amma maƙwabcin Yaya har na taho bai san sunansa ba.

Sauran kwanakin ruwan sama ne da ziyarar 'yan uwa a Manchesta. Na sauka Abuja da asuba, na bi jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, mai adaidaita ya caje ni kuɗin ɗan Landan saboda ya ga akwati.