Kaset ɗinmu na C60

Daren Laraba ina kwance ina ta latse-latsen waya ba gaira ba dalili, sai ga saƙon neman abota a Facebook. Hoton wani bawan Allah ne mai furfura a gemu ga tumbi masha Allah, na duba na ƙara dubawa ban gane shi ba, har zan wuce sai saƙo ya biyo baya: "Kai ɓarawon biro, ashe kana nan da ranka?" Wallahi sai da na tashi zaune. Mutum huɗu ne kawai a duniya suka san wannan sunan, kuma rabona da su ya haura shekara 25.

Mu biyar ne lokacin. Shi wannan da ya nemo ni shi ne mai rikoda, irin mai baki biyu ɗin nan da ake kwafe kaset daga wannan zuwa wancan, dan haka shi ne sarki ɗakinsa kuma fada, Injiniya muke ce masa. Ni aikina mayar da kaset baya da hannu, saboda in ka bar rikoda ta yi da kanta batir take sha, kuma in batir ya fara sanyi sai ka ji mawaƙi yana jan murya kaman wanda aka tasa daga barci. Biro mai kusurwa shida shi ke kama haƙoran kaset cif, fensir zamewa yake yi, shi ya sa duk biron da aka ajiye kusa da ni to sai dai a yi haƙuri.

Kafin sati ya zagayo Injiniya ya buɗe mana guruf a WhatsApp, an samu huɗu. Na biyar ɗin har yau muna cigiya, in ka rubuta sunansa mutane barkatai ke fitowa kuma ba shi a ciki. Kwana uku na farko kam an sha hira, ina iyali, yara nawa, wane ya rasu, wane ya ƙaura, hotuna ta ko'ina. Daga nan sai tsit. Gaskiya ba wanda ya faɗa amma duk mun gane cewa bayan gaisuwa ba mu da abin ce wa juna, rayuwa ta kai kowa wani wajen, ɗaya kullum hoton barka da safiya mai fure yake turowa, ɗaya kuma siyasa, ni har na rufe ƙarar guruf ɗin.

Sai ranar nan mai furen ya turo wata waƙa daga YouTube, wadda muka fi ji a zamanin. Na sa iyafis na saurara, sauti tas ba ko ƙura. Can sai mai siyasa ya rubuto: "Mutumina wannan ai ba ita ba ce." Ita ce mana, mawaƙin ne, kiɗan ne, amma na gane abin da yake nufi tun kafin ya yi bayani. Tamu tana da wannan shuuu ɗin a ƙasa, dan kwafin kwafi ce, kuma duk kwafin da aka ƙara a kaset sai sautin ya daɗa dushewa. Tamu tana tsallake rabin baiti a inda rikoda ta taɓa tauna zaren muka yanke muka liƙe da salatif, har yau in ina rera ta a raina a nan nake tsallakewa. Abin da ya fi ba mu dariya kuma, ashe waƙar tana da wani baiti guda cur a ƙarshe da ba mu taɓa ji ba. Kaset ɗin C60 ne, minti 30 kowane gefe, ita ce ta ƙarshe a gefen A, zare ya ƙare ana tsakiyar amshi, ƙat, mu kuma shekara da shekaru mun ɗauka haka mai ita ya ga damar rufe ta. Har musu mun taɓa yi wai salo ne.

Daren nan sai ƙarfe biyu muka kwanta. Aka tuno yadda ake ɓalle 'yan kunnuwan nan na saman kaset dan kar wani ya yi naɗi a kai, da yadda in kana son ka goge sai ka toshe ramin da takarda, da goge hed, wato ƙarfen da ke karanta zaren, da auduga da sifirit, da yadda kowa ke mafarkin Walkman, ɗan abin jin kaset ɗin nan na aljihu, wanda Sony ta fitar tun 1979 amma cikinmu ba wanda ya taɓa mallaka. Injiniya da son nuna sani ya ce kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma injiniyan da ya jagoranci aikin, Lou Ottens, sai 2021 ya rasu yana da shekara 94. Muka ce to ranka ya daɗe mun ji, kai dai ina kaset ɗinmu?

Wasa muke yi fa. Bayan kwana tara sai ga hoto, kaset ɗin ne a tafin hannunsa, takardar jikin ta yi ja, ga rubutuna da biron da ko shakka babu na sata ne. Wai a akwatin tsofaffin takardu ya same shi. Neman abin da zai kunna shi ya ɗau wani satin, a ƙarshe wani mai gyaran rediyo ya ara masa wata tsohuwa da aka canja wa bel.

Saƙon murya ya turo, ya kara waya a bakin sifika. Na manta sam cewa waƙa ta uku ba daga rediyo muka ɗauke ta ba, daga talabijin ne, muka ajiye rikoda gaban akwatin kowa ya kame bakinsa. Ana cikin kiɗa sai ga muryar mahaifiyarsa daga tsakar gida tana ƙwala masa kira, sau biyu, na biyun da faɗa, sai ƙus-ƙus ɗinmu muna danne dariya, sai muryar wani yaro yana cewa "ku yi shiru mana". Na biyar ɗinmu ne. Lokacin haushi muka ji wai an ɓata mana naɗi, har muka so mu goge, waƙar ce ba a sake sakawa ba.

Hajiya ta rasu shekara 11 da suka wuce, Allah ya jiƙanta, kuma Injiniya ya ce ba shi da muryarta a ko'ina sai nan. Duk mun ga saƙon, alamar ta yi shuɗi, amma aka daɗe ba wanda ya rubuta komai. Can mai siyasa ya ce: "Injiniya dan Allah juya mana gefen B."