Kwamfutar da na haɗa don kada Oga ya ɓata rai

Jiya na miƙa makullin ofis bayan shekara uku ina haɗa musu zanen gine-gine na 3D da renda, wato sa kwamfuta ta mayar da zanen hoto kamar na gaske. Yaron da zai gaje ni ya ce in rubuta masa abin da ya kamata ya sani game da injinan. Da na zauna rubutawa, sai na ga kusan duk abin da na sani daga dare ɗaya na koyo shi.

A tsakiyar 2023, daidai lokacin da aka saki naira, farashin kayan kwamfuta na tashi tsakanin safe da yamma, Oga ya ware kuɗin sabon inji guda. Na kwana biyu ina lissafi. Na rubuta firosesa Ryzen 5 5600, RAM 32GB, SSD, fawa-saflai (mai raba wa sassan injin wuta) mai suna na wat 650, UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, sannan katin girafik RTX 3060 mai ƙwaƙwalwa 12GB. A kan katin na zuba mafi yawan kuɗin, don aikinmu da manhajojin Blender ne da Lumion, kuma dukansu a wuyan kati suke rataye.

Oga ya duba takardar ya ce, "Ina i9 ɗin? Abokina a Abuja i9 yake da ita." Na ce, "Ranka ya daɗe, renda ɗinmu kati ne ke yin ta, firosesa matsakaici ya ishe mu." Ya ce shi dai in manyan baƙi suka shigo yana so ya ce musu i9 ce, kuma ba zai ƙara ko sisi ba.

A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai: na yi shiru. Na san gaskiya sarai, amma ban so a ce sabon yaro ya cika gardama. Na sayo firosesa mai tsada i9-12900K da allon uwa da zai ɗauke ta, kuɗi suka kusa ƙarewa. Da ragowar na ɗauko katin GTX 1650 mai 4GB, na soke UPS, na karɓi wani fawa-saflai marar suna da aka manna wa wat 500. Da na ɗaga shi a shago na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye. Hannuna ya gaya mini, na ƙi ji.

Wata takwas injin yana lallaɓawa da ƙananan ayyuka. Sai ga aikin rukunin gidaje a goman ƙarshe na azumin 2024, ga itatuwa, ga motoci, ga tayil da fenti masu nauyin 4K. Ana gobe za a nuna wa mai aiki, bayan tarawihi na danna renda, Blender ya ce ƙwaƙwalwar kati ta cika. Shi Cycles, mai yin renda a cikin Blender, sai ya loda fagen, wato duk abin da ke cikin zanen, cikin ƙwaƙwalwar kati kafin ya fara, in ta yi kaɗan ko dai ya koma rarrafe ko ya tsaya cak. Na rage itatuwa, na rage girman hotuna, ya ƙi. Dole na mayar da aikin kan firosesa. Ita kuma wannan i9 tana iya zuƙar har wat 241 in ta ɗau zafi, ga zafin Kano na wannan lokaci, ga janareto yana shaƙewa yana saki. Hoto huɗu suka fita cikin goma sha biyu. Ina cin sahur a kan tebur na ji ƙara tas, allo ya yi baƙi, warin ƙonannen waya ya cika ɗakin. Fawa-saflai ya tafi, ya ja allon uwa da shi.

Da safe, a gaban kowa har da masinja, Oga ya ce ya ba ni kuɗi na sayo masa tarkace. Ko sau ɗaya bai ambaci takardata ta farko ba, ni kuma ban ajiye kwafi ba. Wata biyu ana yankar albashina. Ban ce ba ni da laifi ba, amma laifin na mutum biyu ne, ɗaya ne ya biya.

Daga baya na sayar da i9 ɗin, na haɗa kusan injin da na rubuta tun farko. Fagen nan da ya kashe mu ya shige cikin 12GB ba ko tari, katin ya fitar da kowane hoto cikin mintuna. Oga bai ce komai ba, sai dai ya daina shigowa da baƙi ɗakina.

Sauran abin da zan bar wa magajina kaɗan ne. Ka karanta kwali da kyau, akwai RTX 3060 mai 8GB, na laftof kuma 6GB ne, suna ɗaya amma ba abu ɗaya ba. Katin na-hannu ya cika kasuwa bayan an daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da kati a Satumban 2022, kada ka biya sai ka sa shi renda na awa guda a gabanka kana kallon zafinsa. Manhajojin zane SketchUp da Revit sun fi son firosesa mai saurin ƙwaya ɗaya (ƙwayoyi su ne sassan da ke yin aiki a cikin firosesa), yawan ƙwayoyi bai dame su sosai ba. In hunturu ya shigo, buɗe akwatin duk bayan mako biyu ka hure ƙura.

In kuma Oga ya canza maka lissafi, tura masa na asalin ta WhatsApp, ka bar shi ya amsa a rubuce. Sabon fawa-saflai ɗin da ke cikin injin yanzu da kuɗina na saye shi, rasit ɗin yana aljihun tebur na hagu.