Ba lalaci ba ne, ba kuma sammu ba

Jama'a akwai maganar da ta jima tana ci min rai. A unguwarmu nan Garwa akwai wani tela, gwani ne wallahi, in ya gama maka riga sai ka rantse daga Kano aka kawo ta, amma kowace sallah sai an yi rigima a shagonsa, ya karɓi yadin mutane ya yanka duka, ya fara wannan ya ajiye ya ɗauki wancan, takardar awo ta ɓata, almakashi ma sai an taya shi nema. Masu kaya sun ce maƙaryaci ne, gwaggonsa ta ce hannu aka sa masa. Ni kuwa tun muna firamare haka na san shi, kullum yana shan bulala saboda ya kasa zama a benci.

Akwai lalurar da likitocinmu ke kira TDAH da Faransanci, a Najeriya kuma ADHD, wato raunin tattara hankali da rashin natsuwa. Da yawa sun ɗauka ta yara ce kawai, alhali yaron nan girma yake yi, kuma sau da yawa da ita yake girma. Kimanin mutum 2 zuwa 3 cikin 100 na manya suna da ita, kuma tana bin jini sosai.

A babba ba za ka ga yana hawa tebur ba, ƙiriniyar ta koma ciki. Ana masa magana yana kallonka amma hankalin ya tafi, yana katse mutane kafin su kai ƙarshen zance, layi a banki ko asibiti azaba ne a wurinsa, makullin babur da waya kullum ana nema, ya ce "gani nan zuwa" har zuciyarsa, sai ga awa biyu sun wuce bai sani ba. Kuɗi ya shigo Orange Money da safe, kafin magariba ya saye abin da bai yi niyya ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne in abu ya burge shi zai iya kwana a kai ko abinci bai tuna ba, sai a ce ai ka gani, in ya ga dama yana iyawa. Ba ganin dama ba ne, ƙwaƙwalwar ce ke wahalar riƙe aikin da ba ya jan ta.

Mata kam sun fi ba ni tausayi, don tasu yawanci shiru ce, tukunya ta ƙone, aiki ya taru, uwar miji ta ce ƙazama ce, ita kuma ta shiga ɗaki ta yi ta kuka tana ganin laifin kanta.

Amma don Allah kar kowa ya manta waya sau ɗaya ya ce yana da ita. Littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, ya ce babba sai ya cika alamomi aƙalla 5 cikin 9 na ɓangare guda, ko na raunin tattara hankali ko na rashin natsuwa, sun kai wata 6, sun fara kafin ya kai shekara 12, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, gida da wurin aiki misali, kuma suna jawo masa asara ta gaske. Rashin barci, damuwa mai tsanani, ciwon maƙoƙo da shan tramol duk suna iya kawo irin wannan, shi ya sa likita ne kaɗai zai tantance.

Ana samun sauƙi, akwai magani irin su Ritalin da sai likita ya rubuta, akwai kuma koyon dabaru, ƙararrawar waya, rubuta komai a littafi ɗaya, karɓar aiki kaɗan kaɗan. In za ka je asibiti ka nemi likitan ƙwaƙwalwa, ka tafi da mama ko yayanka wanda ya san yarintarka, in tsofaffin takardun sakamakon makaranta suna nan ka haɗa da su, don tambayar farko a kan yarinta za ta kasance. Ƙwayar bakin kasuwa kuwa kar ka kusance ta.