Jirgin yaƙin Amurka da ya koma gidan niƙa a Ingila

Daga tashar Waterloo ta Landan na hau jirgin ƙasa zuwa Fareham, bas kuma ta ƙarasa da ni Wickham, wani ɗan gari a gundumar Hampshire. Abin da ya kai ni ginin jan bulo ne a bakin kogin Meon. Duk wanda ya gan shi daga waje ba zai ce katakon jirgin yaƙi ne ke riƙe da shi ba.

Sunan jirgin Chesapeake, na Amurka ne, irin masu filafilai da iska ke turawa, kuma a 1799 aka saka shi a ruwa. Ranar 1 ga Yuni, 1813, ya fito daga Boston ya yi arangama da jirgin yaƙin Ingila mai suna Shannon. Cikin kusan minti 15 aka yi ta ta ƙare. Kyaftin James Lawrence na Chesapeake, yana kwance jina-jina, ya umarci mutanensa kada su miƙa jirgin. Har yau Amurkawa na tinƙaho da wannan magana, alhali ba a jima ba Turawan Ingila suka haye jirgin suka tasa ƙeyarsa zuwa Halifax, a Kanada ta yanzu. Lawrence ya cika a hanya. Shi ma Kyaftin Philip Broke na Shannon ya sha sara a ka, bai sake jan ragamar wani jirgi ba.

A 1819 aka sayar da Chesapeake aka farfasa shi. Wani mai niƙan hatsi, John Prior, ya sayi katakon ya gina wannan wuri a 1820.

An daina niƙa a 1976, yanzu shagon kayan da ne. Baƙi na ta taya tsoffin kofunan shayi da agogon bango, ni kuwa wuyana na sama. Manyan katakan da suka taɓa ɗaukar daben jirgin su ne suka ratsa ginin daga bango zuwa bango, ga ramukan ƙusoshi da gurbin da kafintocin jirgi suka sassaƙa, sun yi baƙi don tsufa. Na miƙa hannu na shafa ɗaya, sai ƙura.

Wata dattijuwa ta ga ina leƙe-leƙe ta ce, “Wai akwai tabon jini, amma ni dai ban taɓa gani ba.” Ta nuna min matakalar hawa bene, ta ce in kula da kaina don rufin can ba shi da tsayi.